Gidan da Inna Laraba Take Nufi

Tun da damina ta ɗauke a shekarar dubu biyu da uku, Inna Laraba ta fara cewa a kai ta gida. Da la'asar ta yi sai ta naɗe tabarmarta, ta ƙulle 'yan tsummokaranta a ɗankwali, ta zauna bakin ƙofar ɗaki tana jira.

"Ku kai ni gida, yamma ta yi."

Abin da ya ɗaure wa kowa kai shi ne a gida take. A Anka ta tashi, a Anka aka aurar da ita, tsakanin gidan mahaifinta Malam Hudu da gidan mijinta lungu ɗaya ne. An ma taɓa riƙo hannunta aka kai ta tsohon gidan Malam Hudun. Ta dubi zaure, ta dubi rijiya, ta ce, "Nan ai gidan Malam na. Ni gida nic ce."

Hawwa'u, 'yarta ta biyu, ita ke jinyarta. Ta daɗe tana shugabancin makarantar firamare kafin ta yi ritaya, kuma aikin ya bar mata wata ɗabi'a da dangi ba sa so: in an faɗa mata magana sai ta tambayi wa ya gani. Likita ya ce tsufa ne, ta yarda, amma tsufa bai gaya mata inda gidan yake ba. Ita dai tana ganin uwarta ta daina cin tuwon yamma, wai sai ta je gida ta ci, wuyanta na ƙara tsawo, zobenta na faɗuwa daga yatsa. Ga wani sabon hali kuma. Duk igiyar shanyar da aka ɗaura a tsakar gida sai Inna ta kwance ta, ta zauna tana yi mata ƙulle-ƙulle, madauki bayan madauki, a jere, tazararsu ɗaya kamar an auna.

Yayanta Alhaji Maharazu, ɗan farin Inna, yana da tasa fassarar.

"Lahira taka nufi, Hawwa'u. Gidan gaskiya. Ki bar wahal da kanki, ki yi mata addu'a."

"Yaya, mai shirin lahira ba ta ƙulle ludayi cikin ɗankwali."

Tun da ya bar aikin sakatariyar ƙaramar hukuma, Maharazu ba shi da sana'a sai salsalar gidansu. Ya haɗa manyan takardu da gam, ya zana itace mai rassa, yana shirin kai wa masu ɗab'i a Gusau. Mahaifinsu ɗan ƙanen Malam Hudu ne, auren zumunci aka yi da Inna, saboda haka rassan biyu gindinsu ɗaya: Malam Zayyanu, wanda aka ce ya taso daga Kukawa ta ƙasar Barno da alƙalaminsa, kakanninsa kuma daga Yamal.

"Babarbare nike, gaba da baya," in ji Maharazu. Da wannan ƙarfin yake tare duk Bafulatanar da ta shigo da ƙwaryar nono, bisa tsohon wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani. "Ɗiyar bawana, sauke ki gaida ubangijinki." Ita kuma ta rama, a yi dariya, ya saya.

Hawwa'u ta taɓa duba itacen nan da tabarau a hanci, ta ce, "Yaya, kowane gida na garin ga daga Gabas ya zo. To wa anka tarar? Wa ya ba su ruwa da sunka iso?" Ya naɗe takardarsa.

Wata rana da hantsi tana shafa wa Inna man shanu a dunduniya saboda faso, sai tsohuwar ta kama hannunta, ta kai hanci, ta daɗe tana shinshinawa. Sannan ta ɗago da wani irin ido na yarinya.

"Ta zo?"

"Wa, Inna?"

Inna ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

Ƙanshin bai bar hannun Hawwa'u ba har azahar, kuma shi ya dawo mata da matar da ta manta da ita shekara da shekaru. Lokacin suna yara, duk bayan an yanke gero, akwai wata doguwar Bafulatana da ke sauka gidan kakarsu Hure, matar Malam Hudu, da ƙoƙon man shanu a lulluɓe da faifai. Yara na ce mata Mai Man Shanu ta Gummi. Takan ɗora Hawwa'u a cinya, ta zazzage mata magarya daga bakin zane, ta warware mata kitso ta sake shi irin nasu. Kowa na gidan tana hira da shi. Inna kaɗai ce ba ta gaisarwa. Da Inna ta shigo sai matar ta juya fuska wajen bango. Inna kuma ta durƙusa daga nesa, ta ajiye kwanon ruwa, ta fita ba ta ce uffan ba. Hawwa'u ta tashi da haushin matar nan a ranta: me Inna ta yi mata da za ta riƙa wulaƙanta ta a gidan ubanta? Ga shi yanzu, da komai ya zube daga kan Inna, ita take tambaya.

Da ta yi wa Maharazu zancen matar, ya ce mai tallar mai ce kawai. Hawwa'u ta ce mai talla ba ta kwana uku-huɗu a ɗakin uwargida. Ta bar Inna hannun matarsa, ta hau motar Gummi.

A lokacin nan babu abin da matafiyi ke tsoro a hanyar sai ramuka. Mota na tsayawa a ƙauyuka, a miƙo rake da dafaffiyar gyaɗa ta taga, Bafulatani ya shigo da sandarsa a matsa masa, kafin a yi nisa an fara zolayar juna. A Gummi ta hau kabu-kabu zuwa gidan Goggo Aisatu, ƙawar Inna ta ƙuruciya, wadda aure ya kai ta can tun tana budurwa.

"Hedimasta da kanta," in ji Aisatu, tana kare ido da tafi. "Mi munka yi? Ban yi latti ba, ƙafa ce ta ƙi."

"Goggo, bulalar na bar ta gida. Tambaya na zo da ita."

Da aka gama gaisuwa da jajen jikin Inna, Hawwa'u ta kawo zancen Mai Man Shanu. Aisatu ta tuna da ita sarai.

"Amma ba ta Gummi ba ce. Masu jakunan Gummi taka biyowa, shi ya sa kunka liƙa mata. A hanya suka tsintar ta, can wajen Bukkuyum, rugagen bakin gulbi. Daso aka ce mata."

"Mi ya haɗa ta da Inna?"

"Wa ya sani? Zamaninmu yaro ba ya tambaya. Ni dai na buɗe ido na ga Laraba gidan Malam. Har bebiya muka ce mata da farko, don ba ta magana, sai kallo. Daga baya bakin ya buɗe, har ya fi na kowa."

Ana cikin haka aka yi sallama. Wani dattijo mai furfura ya shigo da ledar magani, ya durƙusa daga bakin ƙofa ya ajiye. Sufyanu ne, babban ɗan Aisatu. Nan take tsohuwar da ke ta zuba ta yi shiru, ta juya fuska wajen bango, ta ce wa iska, "A ce wa wancan an gode."

Bayan ya fita Hawwa'u ta yi dariya. Ta sha faɗa da wannan al'ada a makaranta, ranar da uwa za ta zo rajista ta kasa faɗin sunan ɗanta sai an nemo maƙwabciya.

"Goggo, har yanzu? Mutum da jikoki?"

"Ko gemunsa ya kai cibiya, ɗan fari na. Ku 'yan boko kunka ɓata abin. Mu in kin ji mace na ƙwala wa ɗanta na fari kira, tana dubansa ido cikin ido, to ba ita ta haife shi ba."

Hawwa'u ta daina dariya. Muryar kakarta Hure ce ta taso mata, ƙarara, ta ƙetare katanga ta ƙetare lungu: "Laraba! Ke Laraba, zo ki ɗebe min tukunyar ga." Kullum haka. Hure ba ta da wani ɗa sai Inna, ke nan Inna ce ta fari, amma tana kiran sunan safe da yamma, tana yi mata kitso, har kwano ɗaya suke ci. Ita kuwa Inna har yau ba ta taɓa furta sunan Maharazu ba. Hawwa'u ta san al'adar kamar tafin hannunta, ta gan ta a ɗakin uwarta kowace rana, amma ba ta taɓa auna Hure da ita ba, don kowa ya san Hure ce ta haifi Laraba. Matar da ke juya fuska bango kuwa, shekara hamsin tana ɗauka ƙiyayya ce.

"Lafiya, Hedimasta? Kin yi shiru."

"Goggo, na daɗe ina gyara wa yara lissafi, ashe nawa ne a karkace."

Washegari ta sauka Bukkuyum, ta nufi inuwar da masu nono ke zama a kasuwa. 'Yan matan ba su san wata Daso ba. Sai wata tsohuwa mai dama fura ta ce ta san Daso uwar Jibo, ta rasu tun kafin yaƙin basasa, amma Jibo na nan, rugarsa na bayan fadama. Mai babur ya bi da ita ta gonakin da aka girbe, kara na dukan ƙafarta, har suka hango bukkoki a ƙarƙashin wani babban marke.

Jibo tsoho ne siriri, yana zaune yana tufka. Hawwa'u ta dubi goshinsa da yadda yake karkata kai in zai saurara, ta ga Inna sak. Ta gaishe shi, ya tambaye ta ɗiyar wa ce.

"Ɗiyar Laraba, ta gidan Malam Hudu na Anka."

Ya ajiye igiyar a hankali. "Adda tana da rai?"

Hawwa'u ta san a bakin Fulani Adda ita ce babbar 'yar'uwa. Ta ce tana da rai.

Labarin bai yi tsawo ba, don shi ma guntu-guntu ya tsince shi wurin ubansa. Laraba ce 'yar fari, kuma bisa al'ada kakarta ta wajen uba ke riƙonta. A shekarun da fara ta cinye gonaki kakar ta rasu, abinci ya yi wuya, za a tashi da shanu zuwa kudu. Malam Hudu shi ne mai masaukin ubansu a Anka, wurinsa yake sauka in ya shiga gari, matarsa kuma ba ta taɓa haihuwa ba. Sai aka ba ta yarinyar, tana da wayo, ta fara famfarar haƙori. An ba da ita ke nan har abada, kuma abin da aka bayar ba a bin sawunsa da baki.

"Amma Innarmu ta bi da ƙafa," in ji Jibo. "Tun damina taka tara mai. Ba ta taɓa cewa wurin wa za ta ba, sai ta ce za ta gaida matar Malam. In ta dawo sai ta wuni ba ta ci komai ba. Ni bayan an ba da Adda anka haife ni, ban taɓa ganin ta ba. Da Malam ya rasu, Innarmu ta rasu, kunya ta hana mu zuwa. Mu je mu ce mi? Mu ce wa jikokin Malam uwarsu tamu ce?"

Hawwa'u na sauraro, idonta ya sauka kan wata doguwar igiya da aka miƙe a ƙasa tsakanin turaku biyu, da madaukai a jere, tazararsu ɗaya.

"Kawu, mi ke nan?" Kalmar ta fito da kanta.

"Dangwali. Nan muka ɗaure maruƙa da yamma, kada su shanye nonon kafin tatsar safe. Aikin yara mata na."

A Anka, Maharazu ya saurare ta har ƙarshe, itacensa a shimfiɗe a gabansa.

"Duk wanga a kan wata ta juya fuska bango?"

"A kan wata ta juya, wata ba ta juya ba. Kai Inna ta taɓa kiran sunanka?"

Ya dubi itacensa. Can ya ce, "Shekara sittin ina ce wa mutanen ga bayina."

"Gaban na nan, Yaya, ba wanda ya taɓa shi. Bayan ne ya tafi kiwo."

Bai yi dariya ba. Ya ce ko da gaskiya ne, hanyar za ta iya kashe Inna, kuma rugar da ta sani ai ta tashi tun kafin a haife su, ba bukka ɗaya da ta rage. Me za a nuna mata? Ita ma Hawwa'u abin da ke cin ranta ke nan. Ta ce kawai, "Zo ka ga kwanonta na jiya." Ya je ya buɗe, tuwon na nan ko yatsa ba a sa ba. A bakin ƙofa Inna na zaune da ƙullinta. Ya tsaya yana dubanta, ita kuma ta kawar da fuska kamar kullum. Da safe ya sa aka duba tayoyin tsohuwar Fijo ɗinsa.

Sun isa rugar rana ta karkata. Jibo ya taho da sauri irin na tsofaffi, ya durƙusa gaban motar, ya ce, "Adda." Ya yi mata doguwar magana da Fulatanci. Inna ta dube shi kamar yadda take duban likita. Aka shimfiɗa mata tabarma a gindin marke, matan ruga suka zo suna gaishe ta ɗaya bayan ɗaya, aka ajiye mata fura da nono. Ba ta taɓa ba. Ta jawo ƙullinta ta rungume.

"Ku kai ni gida, yamma ta yi."

Hawwa'u ta sunkuyar da kai. Ba ta yarda ta dubi yayanta ba. Shi ma, Allah ya saka masa, bai yi mata gori ba, sai ya hau gyaran hularsa.

Daga can fadama aka fara jin kukan shanu suna tahowa. Surukar Jibo ta koro maruƙa daga bayan bukkoki, suna tsalle suna tirjiya, ta kama na farko ta nufi dangwali da shi. Inna ta ɗago kai. Ta ajiye ƙullin, ta dafa kafaɗar Hawwa'u ta miƙe, ta taka ita kaɗai da sauri, abin da ta yi watanni ba ta yi ba. Da ta isa sai ta ture hannun matar, ta faɗi wata gajeriyar kalma da Hawwa'u ba ta taɓa ji a bakinta ba.

Jibo ya rufe baki da hannu. "Ta ce ba nan ne wurinsa ba. Babba ka fara shiga, sannan mai bi masa. Gaskiyarta."

Inna ta durƙusa. Yatsun nan da ke kasa riƙe cokali suka zura madauki a wuyan maraƙi, suka ja, suka ƙulle, ta dafa goshinsa ya natsu. Aka miƙo mata na biyu, ta ɗaure. Ta bi igiyar da gwiwa har ƙarshenta. Shanu suka iso, ƙura da warin garke suka cika wurin, iyaye na kuka 'ya'ya na amsawa. Inna ta koma tabarma, ta kwance ƙullinta, ta fiddo ludayin nan, ta jawo ƙwaryar fura.

Hawwa'u ta zauna tana kallon ludayin na zuwa yana dawowa. A ranta ta riga ta fara lissafin abin da za a aiko musu da shi daga Anka, magani da gidan sauro da tabaranta na karatu, don ta san ba ranar komawa kusa. Ta tuna matar nan mai magarya a bakin zane, wadda ke tara mai damina guda don ta zo ta zauna ɗaki ɗaya da 'yarta tana kallon bango. Ta so a ce ko sau ɗaya ta taɓa ce mata Kaka.

Jibo ya tura wa Maharazu ƙwarya. "Sha, Babarbare. Yau ka zo gidan iyayen gijinka."

"Kawu, a bar tone-tone," in ji Maharazu, ya sha da yawa. Ya goge baki, ya zaro biro daga aljihun gaba, ya juya bayan wata takarda. "To, mahaifinku wa?"

Jibo ya faɗa masa, ya faɗi kakansa, ya faɗi kakan ubansa, daga nan ya ce iyakar abin da ya riƙe ke nan.

"Su kuma daga ina sunka taso?"

Jibo ya gyara zama, ya ɗaga sandarsa ya nuna bayan fadama da alfahari. "Daga Gabas."

Hawwa'u ta fashe da dariya har hawaye na zubo mata, ta kasa tsayawa, tana share ido da bakin mayafi. Maharazu ya harare ta, amma ya rubuta.

Inna ta ɗago daga ƙwaryarta, nono a leɓenta.

"Ku yi a hankali," ta ce. "Kuna firgita maruƙa."